Sallamar da Tari Ya Haɗiye

A shagona ba na cewa "na sallama". Masu sayen injin ban ruwa a wurina sun san ni da haka, har wasu kan tsokane ni. In mun ja ciniki mun daidaita, sai in ce "ɗauka", ko in gyaɗa kai in shiga neman igiyar ɗauri. Wani tsohon abokin cinikina ya taɓa tambayata ko kalmar tana ƙona harshe ne. Na yi dariya na bar zancen, don sauri yake yi, labarin kuwa ba na tsaye ba ne.

Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin gona aka tura mu koyon aiki na wata shida. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, wajen ƙarshen shekarun tamanin, lokacin da masana'antun Kano ke rufe ƙofa ɗaya bayan ɗaya. 'Yan ajinmu masu uwa a gindin murhu suka samu gurbi a ofisoshi, inda za su zauna ƙarƙashin fanka su karanta jaridar jiya. Ni kuwa na yi ta yawo da takardar makaranta har ta fara yagewa a wurin ninki. Kawuna, direban bas ne a hanyar Tudun Wada, shi ya tausaya mini. Ya ce akwai wani mutumin kirki a wani ƙauye gaba da Kwanar Ɗangora, yana da masana'antarsa ta kansa. Da na ji "masana'anta" sai na goge takalmi, na ari biro mai kyau.

Kawu ya sauke ni a bakin hanya, ya nuna mini hayaƙi a bayan gonakin rake, ya ja motarsa tun kafin in yi tambaya. Ya san halina. Da na isa sai na tarar da rumfar kara, da dogon murhu da aka haƙa a ƙasa, manyan farantan ƙarfe a kai suna tafasa, ƙudan zuma ko'ina. A tsakiyar fili ga injin matse rake, an ɗora masa dogon itace a ka, an ɗaure ƙarshen itacen a jikin wani doki, dokin yana ta zagaye da tsumma a idonsa. Masana'antar ke nan. Mazarƙwaila ake yi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da akwai wata mota a hanya a lokacin, da na koma inda na fito.

Mai wurin ya fito daga cikin hayaƙi yana goge hannu. Dogo ne siriri, furfura ta cinye gemunsa. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa takarda. Ya karanta ta har ƙasa, da turancinta da komai, sannan ya dubi takalmina.

"Ɗan makaranta," ya ce, "cire su ka rataye. Ruwan rake ba ya ganin girman kowa."

Daga ranar sunana ke nan a wurinsa, ni kuma na kira shi Baba. Aka ba ni tabarma a soron gidansa. Kafin mako ya zagayo, kayana da gashina da littattafaina duk ƙanshin rake suke yi, tururuwa kuma ta ɗauke ni ɗan gida.

Baba ba gadon sana'ar ya yi ba. Ya daɗe yana aiki a wata masaƙa a birni, har aka rage ma'aikata aka sallame shi. Abokan aikinsa wasu suka ƙara aure da kuɗin sallama, wasu suka sayi babur, suka zauna jiran a sake kiransu. Shi ya dawo ƙauyensu, ya dubi raken da ake nomawa a fadama ana sayarwa da arha, ya dubi tsadar sukari a kanti, ya sayi tsohon injin matsa da doki. Abin da ya taho da shi daga masaƙa bayan kuɗin shi ne tari. Ƙurar auduga ce ta fara masa, hayaƙin murhu ya ɗora. In ya kama shi sai ya dafa gwiwa ya sunkuya, kowa ya yi shiru har ya lafa.

Dokin kili ne, farinsa ya fara komawa ruwan toka, kuma tun ran da aka saye shi ba yaro ba ne. Aikina na farko shi ne bin bayansa da 'yar tsumagiya, ba don duka ba, don dai ya ji akwai mutum. Ban yi nisa ba duniya ta juya mini, na faɗi a kan tarin tuƙar rake, ƙafafu a sama. Matar Baba, wadda muke kira Inna, tana jera kwanukan zuba mazarƙwaila, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Shi ya sa muke rufe masa ido," in ji Baba. "Ko kai ma a nemo maka tsumma?"

Na yi fushi na kwana biyu, babu wanda ya lura, na huce don kaina.

A hankali aikin ya shiga jikina. Na iya tura rake tsakanin ƙarafan injin ba tare da sun ja mini yatsa ba. Na iya kwashe kumfa, na iya gane ruwan ya yi kauri daga yadda yake ɗiga a ludayi. Ni ma na kawo nawa: na ce a riƙa tace ruwan da farin ƙyalle kafin a ɗora a wuta, kamar yadda aka koya mana. Baba bai yi gardama ba. Ya gwada a faranti ɗaya, ya ga ta fito da haske babu yashi, washegari ya sayo yadi. A kasuwa ya riƙa ce wa masu saye, "Wannan ta ɗan makaranta ce, ta yi boko." Haka yake. Duk abin da zai sa a dawo neman kayansa yana so, ko daga bakin wa ya fito. Shi ya fara zuba 'yan ƙanana don matan Fulani masu tallan nono, waɗanda ba sa son ɓarnatar da cinikin yini a kan babba ɗaya, kuma kafin a ankara kowa ya kwaikwaye shi.

Ranar kasuwar Tudun Wada muke loda kwanduna a bas ɗin kawu. Zuwana na farko, muna zaune a rumfa kafin kasuwa ta cika, ya ce mini in buɗe kunne.

"Kasuwa kalma biyu ce. In an taya bai yi maka ba, ka ce albarka. Ba ka zagi mutum ba, ba ka kore shi ba, addu'a ma ka yi masa. Ita wannan ba ta ƙarewa, ka faɗe ta daga safe har yamma. In ya yi maka, ka ce na sallama. Ita kuwa ɗaya ce. In ta fita, kayan ba naka ba ne, ko da suna hannunka."

Na ga haka da idona. Wata rana ya sallama wa wata mai sari daga Doguwa kwandunan da suka rage, ta tafi neman ɗan dako. Kafin ta dawo wani ɗan kasuwa ya zo daga birni da mota, ya taya fiye da nata nesa ba kusa ba. Ni har na fara miƙewa in taya shi lodi. Baba ya ce, "Ba nawa ba ne, na sallama." Mutumin ya ƙara, Baba ya kawar da kai. A hanyar gida na yi ta ƙunƙuni, na ce ai ba ta biya ba tukuna.

"Magana zarar bunu ce," ya ce. "Ni jarina bai kai na kowa ba a kasuwar nan. Bakina ne jarina."

Shekarar nan ce injin dizal ya shigo yankin. Wani mai hali a ƙauyen gaba ya kafa nasa, abin da kili zai matse tun safe har la'asar shi kafin hantsi ya gama. Muna jiyo ƙararsa daga rumfarmu, tana danne kukan da itacenmu ke yi in doki ya ja shi. Manoman rake suka fara karkata can. Tarin Baba kuma ya ƙaru, har wata rana na ga ya tofar, ya yi sauri ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe. Na gani, ya ga na gani.

Babban ɗansa, ma'aikaci ne a Zariya, ya fara zuwa a kai a kai. Maganarsa ɗaya ce, kuma ba ta banza ba ce: a sayar da dokin, a kai Baba asibiti, in ya warke a haɗa hannu a sayi injin dizal kamar kowa. Shi ya turo dillalin dawaki. Dillalin mutum ne mai fara'a, mai yawan gaisuwa, ba ni da abin da zan ce ya yi mini, amma na tsane shi tun ganin farko. Kowa ya san tsofaffin dawakin da yake saye ba hawansu ake yi ba. A tirela ake zuba su a yi kudu da su, can inda ake yankawa.

Duk zuwan da zai yi, Baba kan shimfiɗa masa tabarma a gindin tsamiya, a kawo ruwa da mazarƙwaila, a gaisa a tambayi iyali. Dillali ya taya. Baba ya ce albarka. Ya ƙara, Baba ya ce albarka. Ya tashi ya kaɗe riga, ya ce sai wani jiƙon. Ni kuwa in koma bakin murhu ina murna kamar ni na ci kasuwa.

Da la'asar in an tashi daga aiki, Baba da kansa yake kwance wa kili tsumma, ba ya barin kowa. Ya goge masa fuska da gefen rigarsa, ya ba shi dusa da kanwa, ya ɓantaro mazarƙwaila ya miƙa masa a tafin hannu. Sannan a sake shi ya sha iska. Abin da har yau nake gani in na rufe ido shi ne, ga fili fetal har bakin fadama, babu igiya babu itace, amma kili ba ya miƙewa. Sai ya yi 'yan taku ya karkata hagu, ya ci gaba da karkata har ya dawo inda ya tashi. Ya yi ta zagaya tsamiya shi kaɗai, ido buɗe, har a kira magariba.

Ran da na fara gani na yi dariya. Baba bai yi ba.

"Ni ma da aka sallame ni daga masaƙa," ya ce, "na daɗe ina tashi da asuba in sa takalmi in tsaya a ƙofar gida. Ba inda za ni." Ya dubi dokin, ya ce, "Da kuɗin sallamata na saye shi. Ya ciyar da gidan nan, ya biya wa wancan mai son a sayar da shi kuɗin makaranta. Yanzu in ce masa me?"

Ban san ko ni yake tambaya ba.

Wa'adina ya cika da bazara, daidai ƙarewar rake. Tun ana gobe zan tafi Baba ya sa hannu a takardar makaranta, amma ni da shi mun san ba ita ce sallama ba. A wurinsu wanda ya koyi sana'a a hannun mutum ba ya ɗaukar jaka ya tafi haka kawai. Sai ya durƙusa a gaban maigidansa, a ce masa "na sallame ka", a yafe masa abin da ya ɓata, a dafa kansa a sa masa albarka. Ban faɗa wa kowa ba, amma na ƙosa in ji wannan daga bakin Baba. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, babu namijin da ya taɓa dafa kaina ya ce na iya wani abu.

Da safiyar ranar ɗan Baba ya iso daga Zariya, dillali ma ya iso. Damina na tafe, doki zai yi watanni yana ci ba ya aiki, kuma a makon nan sau da yawa Baba bai iya tsayawa a bakin murhu ba. Suka zauna a gindin tsamiya, kili na ɗaure a turke nesa kaɗan. Na ajiye jakata, na tsuguna a gefen tabarma ina jiran a gama. Can bakin hanya kawu ya tsaya da mota cike da fasinja, ya fara danna hon.

Dillali ya taya, Baba ya ce albarka. Ɗan ya ce, "Baba, don Allah a duba." Dillali ya ƙara, ya ce wannan ne iyakarsa, daga yau ba zai sake zuwa ba. Wannan karon Baba bai ce albarka ba, ya zuba wa dokin ido. Hon ɗin kawu bai daina ba, har ina jiyo mitar fasinja. Na matsa kusa, na rage murya.

"Baba, mota na jira. A sallame ni."

Bai juyo ba. Idonsa na kan kili ya buɗe baki.

"Na sallam…"

Tari ya sarƙe shi a nan. Ya dafa ƙasa ya sunkuya, ya yi ta yi, irin wanda ban taɓa jin ya yi ba. Kafin ya lafa dillali ya ɗaga hannuwa biyu.

"Alhamdu lillahi, ya sallama. Allah ya sa albarka, Allah ya amfana."

"Amin," in ji ɗan, da sauri.

Kowane Bahaushe ya san bambancin. In da ni yake, "na sallame ka" zai ce. In da dillali yake, "na sallama". Farkon kalmar ɗaya ne, ƙarshenta ne ke raba su, ƙarshen kuwa tari ya haɗiye shi.

Baba ya ɗago, idanunsa sun yi ja suna ruwa. Ya dubi dillali, ya dubi ɗansa, ya dube ni. Ina jira ya ce "ba da kai nake ba", kuma babu wanda zai ƙaryata shi. Amma mutum ne da ya ce bakinsa ne jarinsa, ga shi an ji sallama daga bakin nan a gaban shaidu, har an shafa addu'a a kai. Ya goge bakinsa da hannun riga, ya kawar da kai. Dillali ya miƙe ya nufi turke.

Ban san yadda aka yi na isa mota ba. Na tuna Inna ta biyo ni ta cusa mini ƙunshin mazarƙwaila a hannu, na tuna kawu yana ta faɗa. Babu wanda ya dafa kaina.

A mararraba motar ta tsaya ɗaukar buhuna, muka daɗe. Nan suka cim mana, dillali a gaba riƙe da igiya, kili a baya, babu tsumma a idonsa. Hanya ce miƙaƙƙiya, shi kuwa daga ya yi 'yan taku sai ya karkata hagu. Dillali ya fizgo shi, ya sake karkata, a sake fizgo shi. Fasinjoji suka yi ta dariya, wani ya ce dokin nan a buge yake. Na kifa kaina a bayan kujerar gaba na yi kuka, ban damu da wa ke kallo ba.

Baba bai ga raken baɗi ba. An kai shi asibiti kamar yadda ɗansa ya so, an dawo da shi, ya rasu kafin kaka. Labarin ya same ni a makaranta bayan an yi sadakar arba'in. Na gama karatu, aikin gwamnati bai samu ba, na fara sayar da kayan gyaran inji a kan tebur, har Allah ya kai ni ga shago. Duk abin da na sani na ciniki a wurinsa na koya. Kuma tun daga ranar nake juya rabin kalmar nan a kaina. Wata rana in ce da ni yake, aka ɗauki tawa aka ba dillali. Wata rana in ce a'a, ya riga ya gaji, ya yanke shawara, idonsa ai a kan dokin yake, ni ko jin maganata bai yi ba. Babu wadda ta fi wata sauƙi a raina.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in aiki ya kai ni Doguwa, haɗa wa wasu manoma injin ban ruwa. A hanyar dawowa na ce wa direba ya tsaya. Rumfar babu, murhun ya cike da ƙasa, injin an sayar wa 'yan gwangwan. Ƙarshen damina ne, ciyawa ta rufe ko'ina kore shar. Amma a tsakiyar filin ga zobe nan a ƙasa, inda kili ya riƙa takawa, ya yi tauri kamar daɓe, ya ƙi fitar da ko tsiro. Na tsaya a gefensa, ban iya taka shi ba.

Inna ta tsufa, idonta ya rage gani, amma ina yin sallama ta ce, "Ɗan makaranta ne?" Muka gaisa, na yi mata ta'aziyyar da ta makara da shekaru. Ta sa aka kawo mini ruwa. Na ce mata na ga zoben har yanzu yana nan.

"Ai ba dokin kaɗai ya yi shi ba," ta ce. "Bayan an tafi da shi, kullum da safe malam sai ya fita ya bi wurin nan, hannu a baya, ya yi ta zagaye har rana ta ɗaga. In na yi magana ya ce ƙafa yake miƙewa."

Sai na yi tambayar da na taho da ita.

"Inna, ran nan da wa yake? Da ni ko da dillali?"

"Ni ma na tambaye shi. Ya ce tari ne." Ta gyara zama. "Amma kai ya yi ta maganarka har kwanciyarsa ta ƙarshe. Yakan ce, yaron nan ya tafi ban sallame shi ba."

Can ta miƙo hannu tana laluben kaina.

"Matso," ta ce. "Ai ni da shi ɗaya ne. Matso in sallame ka a madadinsa, ka huta."

Ban yi tunani ba. Ji kawai na yi bakina ya ce, "Albarka, Inna."

Hannunta ya tsaya a iska. Ta yi 'yar dariya, irin wadda ta yi ran da na faɗi a kan tuƙar rake, sannan ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska. Can bakin hanya direba ya fara danna hon. Wannan karon na bar shi ya yi ta dannawa.